Allon Kufnerin

Ba na ƙaunar Hedwig, ban taɓa ƙaunarta ba, kuma mutuwarta ba ta sa na fara ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya zaci yabon gawa zan yi. Ni ce Burgl, 'yar kafintan Grillnau. Ni nake rubuta allunan matattu a ƙauyen nan tun lokacin da hannun Baba ya fara rawa, kuma labarin da zan bayar da hannuna a ciki dumu-dumu.

Ta iso mana a ƙarshen sanyin 1946, cikin motar kaya, tare da sauran waɗanda aka koro daga Silesiya bayan yaƙi. Akwatin kwali ɗaya ne a hannunta, ga takalmin birni a ƙafa, a cikin taɓon nan namu. Hukuma ta raba su gida-gida ko mai gida yana so ko ba ya so, ita kuwa ta faɗo gidan Kufner, gidan da ya fi kowane gida shanu a ƙauyen. Uwar gidan, Kreszenz, ta dube ta sama da ƙasa, ta nuna mata ɗakin da ke saman garken shanu, ta miƙa mata bokiti. Iyakar marabar da aka yi mata ke nan.

A takardar ofis matar aure sunan mijinta take ɗauka, ba daɗi ba ragi. To amma takarda ta 'yan ofis ce. A bakinmu uwar gidan Pledl ita ce Pledlin, uwar gidan Kufner ita ce Kufnerin, kuma a kowane gida mace ɗaya tak ke amsa sunan. Baba yakan ce, yana goge katako:

"Sunan aiki ne, Burgl, ba na ado ba. Kakan kakan Kufner ganguna yake haɗawa, na giya da na kabeji, abin da sunan yake nufi ke nan. Matarsa ke riƙe masa katako yana ɗaurewa, da ya mutu ita ta ci gaba da sana'ar. To da me za a kira ta? Sai aka liƙa wa sunan 'yar wutsiya, ta zama Kufnerin. Haka limaman coci suka yi ta rubuta mata a littafi tun kaka da kakanni, har masu ofis suka zo suka datse wutsiyar, wai a daidaita. A takarda suka datse, ba su iso bakinmu ba."

Sunan ba ya tafiya shi kaɗai. Da shi ake karɓar maɓallan ɗakin ajiya, da kujerar gidan a gaban coci ta ɓangaren mata, da wuƙar da ake zana gicciye a kan burodi kafin a yanka. In ɗa ya yi aure ya karɓi gona, tsohuwa takan kwance maɓallai daga ƙugunta ta ba amarya, ta koma ƙaramin gidan baya, daga ranar a riƙa ce mata tsohuwar wance. Haka muka taso muka tarar.

Ni ce ya kamata in zama Kufnerin, kuma kowa ya sani. Lois, ɗan Kreszenz tilo, da ni yake rawa a kowane biki kafin a kwashe su zuwa yaƙi. Kreszenz da kanta ta taɓa shigar da ni ɗakin ajiya ta nuna mini inda ake rataye naman alade. Duk tsawon yaƙin jiransa nake, har na ɗauki wani guntun katako na yi ta gwada hannuna a kai da cikakken sunana: Walburga Kufnerin, Walburga Kufnerin, sau bakwai, na jingine shi bayan ƙofar shagon Baba inda ba mai dubawa. Lois ya dawo daga sansanin fursuna a 1947, ya rame kamar sanda, ba ya son magana da kowa. Ya tarar da baƙuwa tana tatsar shanun ubansa, ita ma ba ta magana. Ban san abin da shirun nasu ya gaya wa juna ba, amma shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura musu aure.

Washegarin bikin, Pledlin ta jiyo komai ta kan shinge, kafin tsakar rana duk gari ya ji.

Hedwig ta ce, "Inna, ina maɓallin ɗakin ajiya? Zan ɗebo gari."

Kreszenz ta ce, "Wa kike kira Inna? Uwarki na can inda kika baro ta. Maɓalli yana ƙuguna, kuma a nan zai kwana. In gari kike so ki yi magana, a auna miki."

Lois ya ce, "Haba Inna, matata ce fa."

"Matarka ce, na ji limami ya faɗa, ba kurma ba ce ni. Kufnerin kuwa guda ɗaya ce a gidan nan, kuma ba ta mutu ba tukuna. Tsintacciyar mage ba ta mage, Lois."

Lois ya ɗauki hularsa ya tafi gona. Mutum ne da ba ya iya korar kaza daga kan teburinsa, ni kaɗai ce ban gane haka da wuri ba.

Gari ya bi bakin Kreszenz. Sunan da muka ba Hedwig shi ne Baƙuwa, kuma ni ce a sahun gaba. In ta shigo kanti sai in ɗaga murya in ce wa mai kanti, "Sallami Baƙuwa tukuna, kada jirginta ya tashi ya bar ta." Mata su kwashe da dariya. Ita kuwa ta karɓi gishirinta ta fita. A coci can baya take zama, kusa da ƙofa, tare da 'yan aiki, inda iska ke shiga.

Gaskiya ɗaya ce, ko daga bakin maƙiyi ta fito: ta yi aiki. Hannun nan na birni ya faskare ya warke ya zama kamar namu. Ta koyi yankan ciyawa, ta koyi ɗiban dankali a duƙe tun safe har yamma, ta haifa wa gidan ɗa namiji, Xaver. Burodinta ya fi na Kreszenz tashi, shi ya sa ma Kreszenz ta ce yana ɗaci. Abin da take nema bai wuce ranar da wani zai buɗe baki ya kira ta da sunan gidan ba. Na gani a idonta sau da yawa. In wani ya kira "Kufnerin!" daga bakin hanya, sai ka ga kafaɗarta ta motsa kafin ta tuna ba da ita ake ba.

Kreszenz ta mutu a kakar 1953, ana cikin ɗiban dankali, da maɓallan a ƙugunta.

A wurinmu ba a kwantar da gawa a gado. Allo ake kawowa daga wurin kafinta, a lulluɓe shi da farin zane, a kwantar da mamaci a kai kwana uku. Bayan an binne shi sai a dawo da allon, mu fente shi, mu rubuta suna da gida da ranar rasuwa, a kafa shi a mararrabar hanyar coci tare da na magabata. Da farin katako muke yi, mai taushi, wanda ruwa da dusar ƙanƙara ke cinyewa cikin shekara biyar ko shida. Dalili kuwa kowane ɗan Grillnau ya sha shi a nono: ran mamaci yana can a wutar wankin zunubi har ranar da allonsa ya ruɓe ya faɗi, ran nan ake sakinsa. Ba magana ce da ake yi a kanti ba, limami ma ba ya son jin ta. An dai sani.

Safiyar rasuwar Kreszenz, Lois ya kama hanyar garin Passau don ya ɗauko ƙanwar uwarsa. Baba yana kwance da zazzaɓi. Hedwig ce ta turo amalanke har ƙofar shago, idonta jawur. Na jawo mata farin allo kamar yadda aka saba. Ta shafa shi, ta danna farce a jiki, farcen ya nutse.

Ta ce, "Burgl, babu wanda ya fi wannan? Ina ganin na bakin hanya, shekara kaɗan sun zube kamar ba su da dangi. Ba na so na Inna ya zama haka. Ki ba ni mai ƙarfi, wanda zai daɗe. Ina so gari ya ga na girmama ta."

Na tsaya ina kallonta. Shekara bakwai tana wucewa ta gaban allunan nan, ta ɗauka talauci ne ko sakaci ke sa su zube. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Kalma uku da sun ishe ni in gyara mata, kuma suna bakina. Na haɗiye su.

Na ce, "Akwai katakon Eiche, itacen nan mai taurin tsiya, da Baba ya ajiye don tebur. Shi kam jikokinki ma za su mutu su bar shi."

Ta ce, "Shi nake so. Na gode, Burgl. Wallahi na gode."

Ita da kanta ta ɗora shi a amalanke, ita ta shimfiɗa zane a kai kafin mata masu wankan gawa su iso, ita kuma ta dawo mini da shi bayan jana'iza. Na shafe shi da baƙin fenti sau biyu, gaba da baya, har ba a ganin jikin itacen, na rubuta Kreszenz Kufnerin da farin fenti. Ban taɓa yin rubutu mai kyau irin na ranar ba.

Ranar Lahadi bayan an tashi coci duk gari ya taru a mararraba. Mijin Pledlin ya ɗaga allon ya ce, "Kai, tsohuwar nan ko a allo nauyi gare ta." Aka yi 'yar dariya. Ya jingina shi da turke, ya kafa ƙusa, ya doka. Ƙusa ta lanƙwashe. Ya sa wata, ita ma ta lanƙwashe. Sai ya ciro wuƙa ya kankare fentin a gefe, ya duba, ya ɗago kai.

Pledlin ce ta fara. "Eiche! Wace la'ananniya ce ta kwantar da Kreszenz a kan Eiche?"

Hedwig ta matso, har da ɗan murmushinta. "Ni ce na zaɓa. Don ya daɗe."

"Don ya daɗe! Kun ji ko? Da bakinta! Ke Baƙuwa, ashe haka zuciyarki take? Ta hana ki maɓalli, ke kuma kin kulle ta a wuta shekara ɗari? Mace ta ba ki ɗaki kina yawo da akwatin kwali, sakayyar ke nan?"

Hedwig ta juya tana duban fuskoki, ba ta gane ba. Sai da wata ta tsaya ta fassara mata dalla-dalla, da yatsa a fuskarta. Mijin Pledlin ya juyo wurina ya ce, "Ke Burgl, ba ki gaya mata ba?"

Na ce, "Na gaya mata. Ta ce shi take so."

Ta kalle ni. Na zaci za ta yi ihu, ta ƙaryata ni, har na shirya amsa. Ba ta yi ba, don ta san ba mai ɗaukar maganarta ya bar ta 'yar gari. Ba a canza allon da gawa ta kwanta a kai, ba a ƙona shi, ba a sare shi, sai ya faɗi da kansa. Haka aka huda shi da abin huda aka ɗaure, kowa ya watse. Lois ya wuce gida shi kaɗai bai jira ta ba.

Da Baba ya tashi daga zazzaɓi ya ga gurbin katakonsa, ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Ramin mugunta gajere ake gina shi, Burgl." Bai ƙara ba, kuma har ya mutu bai sake yi mini hira a wurin aiki ba. Wannan ya ci mini rai, amma ba zan yi ƙarya in ce na yi nadama a lokacin ba. Daɗi na ji.

Maɓallai sun koma hannun Hedwig, tunda ba wata mace a gidan. Sunan kuwa ya tafi ke nan. Sau ɗaya ta gwada zama a kujerar Kufner a coci, matan layin suka miƙe gaba ɗaya suka koma baya, suka bar ta ita kaɗai kamar mai kuturta. Ba ta sake ba. Abin da ta riƙa yi kuma har yau in na tuna sai in rasa ko dariya zan yi: kowace safiya, bayan tatsa, sai ta ɗauki bokitin ruwa ta je mararraba ta kwarara wa allon Kreszenz, ta tara masa jiƙaƙƙen ganye a gindi, wai ko zai ruɓe. Shekara da shekaru tana wannan. Eiche ko a jikinsa. Mu kuma muka ce ai gulma ce, tana wanke shi ne don ya ƙara daɗewa.

Lois ya mutu a 1971, na yi masa farin allo, ya faɗi cikin shekara biyar. Xaver ya karɓi gona. Ni ban yi aure ba, ina nan Burgl 'yar kafinta, furfura ta cika kai ana kirana da gidan ubana.

Wata ranar Talata a 1979 na ji tarakta ta tsaya a ƙofar shago. Xaver ya sauko da wani katako ya jingina, ya taimaka wa uwarsa ta sauko, ta ce ya jira ta a waje. Ta ƙare, fata da ƙashi, likita ya riga ya sallame ta. Na dubi katakon, ba sai na taɓa ba.

Na ce, "Baƙuwa, tsufa ya taɓa miki kai ne? Kin san abin da kika kawo?"

Ta zauna a kan benci tana haki. "Na sani. Ke kika koya mini."

"Za ki daɗe a wuta fa."

"Shekara talatin da uku na yi a Grillnau, Burgl. Wace wuta ce za ta ba ni tsoro?"

Na ce, "Ruwanki. Ni dai aikina fenti."

"Ba fenti nake so ba, ruwa yana wanke fenti. Sassaƙawa za ki yi, da zurfi, yadda makaho ma zai karanta da yatsa. Hedwig Kufnerin."

Na yi dariya. "Sunan nan ba nawa ba ne balle in ba ki. Na gari ne, kuma gari bai ba ki ba."

"Gari bai iya rubutu ba, ke ce hannunsa. Kuma na san kin iya rubuta sunan." Ta ɗaga sandarta ta nuna bayan ƙofa. "Ranar da na zo ɗaukar allon Inna, kin shiga ciki ɗauko katako, ni kuma na tura ƙofa don amalanke ya shiga. Na ga guntun nan. Walburga Kufnerin, sau bakwai. Na ƙirga."

Guntun yana nan a wurin, fuskarsa a bango.

Ta ce, "Ranar da ƙusa ta lanƙwashe, da na buɗe baki na faɗi abin da na gani, da Pledlin ta yi shekara goma tana dariyarki. Ban faɗa ba. Ko Lois bai ji ba. Ba don ina ƙaunarki ba, kada ki ruɗi kanki. Na dai san yadda ake ji in ana son sunan nan ne." Ta miƙe da ƙyar. "Kwanana bai fi goma ba. In kin sassaƙa, maganar guntunki ta bi ni kabari. In kin ƙi, Pledlin tana zuwa duba ni gobe, kuma har yanzu kunnenta garau."

Na tsani matar nan a wannan lokacin fiye da duk shekarun da suka wuce. Da ta tona ni tun farko da mun yi kunnen doki. Sai ta riƙe abin shekara ashirin da shida tana gaishe ni a hanya.

Ta mutu kwana tara bayan haka. Na sassaƙa. Kwana huɗu na yi a kai, Eiche ya cinye mini bakin kurfin sassaƙa har biyu, kuma ban yi aikin banza ba, don hannuna bai iya ba. Ranar kafawa tsofaffi suka yi ta gunaguni, Pledlin ta tofa yawu, amma allon da gawa ta kwanta a kai ba a taɓa shi. Aka kafa shi dab da na Kreszenz. Da na dawo gida na jefa guntuna a murhu.

Yau shekara goma sha biyar ke nan. Waɗanda suka san ta da Baƙuwa sun bi ta ɗaya bayan ɗaya, Pledlin ma ta tafi, allonta ya faɗi tuni. Na Kreszenz yana tsaye, amma fentina ya wanke, bokitin Hedwig ya taimaka, ba ko harafi ɗaya a jiki, baƙin katako ne kawai. Yara masu zuwa makaranta ba su san na wane ne ba. Na kusa da shi suke karantawa, suna bin harufan da yatsa. Makon jiya a kanti na ji surukar Pledlin tana ce wa mai kanti, "Yarinyar nan ai jikar Hedwig Kufnerin ce," haka nan a sauƙaƙe, kamar tun fil azal haka ake faɗa. Ba wanda ya gyara mata, ni ma ban iya ba.

Na riga na ware nawa allon, farin katako mafi taushi da na samu, na rubuta Walburga 'yar kafinta da fenti tsararo. Shekara huɗu ta ishe shi. Kowace Lahadi in zan tafi coci nakan tsaya a mararraba, in duba ba kowa, in soki gindin allon Hedwig da bakin sandata ko ya fara laushi. Jiya ma na soka. Bai fara ba.